Lallen Mairamu a Ƙofar Tiyata

A shekarar da aka raba Gongola aka ce wa mutanen Mubi daga yau ku 'yan Adamawa ne, a shekarar Mairamu ta fara shara a asibiti. Ba babban na gwamnati ba, wani ƙarami ne mai gado goma sha takwas a kan hanyar da ke gangarawa mayo, wato kogin garin, inda likita ɗaya yake duba jama'a kullum, Talata da Alhamis kuma ya shiga tiyata. Lokacin tana da shekara talatin da 'yan kai, da 'ya'ya huɗu, da miji tela mai suna Ɗahiru wanda maganarsa ba ta da yawa.

Asalinta mai lalle ce. Kakanta ya zo daga ƙasar Katsina da jakuna uku da kayan koli, ya ce damina ɗaya zai yi ya koma, sai da aka binne shi a Mubi bayan shekara arba'in. Uwarta ce ke yi wa amaren unguwa ƙunshi, ita kuwa Mairamu tun tana goyon ƙanne take dakan ganye, tana tankaɗewa, tana kwaɓawa da lemun tsami, har hannunta ya fi na uwar faɗawa. Amaryar Fulani, ta Gude, ta Hausawa, har 'yan coci, duk a tabarmarta suke miƙe ƙafa. A nan ta san Margret, wata nas 'yar Kamwe mai saurin magana, wadda ta zo a yi mata ƙafa za ta yi aure. Ana jiran lalle ya kama, hira ta yi tsawo, Margret ta ce asibitinsu ana neman mai tsabta wadda ba ta ƙyamar jini. Mairamu ta ce wadda ta haihu huɗu, wane jini ne kuma zai ba ta tsoro.

To, mai shara ba wanda yake lura da ita. Tana shigowa da tsintsiya mutane sai su ɗaga ƙafa kawai su ci gaba da abin da suke yi. Saboda haka ta fi kowa sanin abin da ke faruwa a ɗakunan nan. Ta san wanda yake tura ƙwayar magani ƙarƙashin matashi, ta san wadda ta ƙi cin abinci don surukarta na zaune a gefe. Amma ba ta faɗa wa kowa. Wadda ta gada a aikin, an sallame ta ne don ta sa baki a maganar likita, kuma an gaya wa Mairamu haka tun ranar farko.

A shekararta ta bakwai aka kwantar da wani dattijo daga Betso, ana ce masa Gabdo, manomi mai 'yan shanu, dogo, mai kunya kamar sabon suruki. Kaba ce ta dame shi, irin wadda take kumburowa a ƙasan mara in mutum ya tashi ko ya yi tari, in ya kwanta kuma ta koma ciki kamar ba ita. Kwana uku ya yi a gadon da ke jikin bango, kwana uku Mairamu tana share ƙarƙashinsa. Duk lokacin da zai miƙe daga sallah sai ta ga ya danne mararsa da hannun hagu, ya cije leɓe, sannan ya gaishe ta da fara'a kamar ba abin da ke damunsa.

Abin da ya faru kuwa, kowa ya yi aikinsa ne da kyakkyawar niyya. Ranar da aka rubuta katinsa, Gabdo ya nuna wurin ta saman riga da sauri, mai rubutun yana zaune yana fuskantarsa, sai ya rubuta ɓangaren da ya gani ta damansa shi. Ranar Laraba Dakta Abdulhamid, mai asibitin, ya duba shi da kansa, ya yi masa alama da biro a inda ciwon yake. Da safiyar Alhamis Gabdo ya ce mutumin da za a sa wa wuƙa bai san ko zai tashi ba, gara ya je gaban Ubangijinsa da tsarki. Ya shiga bayi da soso da sabulu ya yi wanka mai kyau, ya dirje tawadar nan har ba alamarta. Likita kuwa masu kaba huɗu ya duba a makon.

Zira, mai tura gadon marasa lafiya, wani ƙaƙƙarfan mutum mai yawan raha, ya shigar da dattijon ya fito, ƙofa ba ta gama rufuwa ba. Mairamu tana goge baranda daidai wurin. Ta ji Margret ta karanta kati ta ce dama. Ta ji likita ya nemi alamar biro bai gani ba, ya yi tsaki, sannan ya ce, "Baba, dama ce ko?"

Gabdo yana kwance an yaye masa zane, ga mace sa'ar 'yarsa tsaye a kansa. Ya juya fuska wajen bango ya ce, "Haka ne."

Mairamu ta tsaya da tsumma a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta. Ta tuna wadda aka sallama. Ta tuna 'ya'yanta. Ta ce a ranta wataƙila ita ce ta kasa gani da kyau, ai masu ilimi ne a ciki. Sai ta rufe ido ta ga dattijon yana miƙewa daga buzunsa, bango yana hagunsa, hannun da ke jikin bangon ne yake dannewa. Ta ji ƙarar ƙarafa a faranti. Ba ta san lokacin da ta tura ƙofar da gwiwar hannu ba.

"Likita, a gafarce ni. Hagu ce."

Dakta Abdulhamid ba mugun mutum ba ne, amma yana da saurin hawa. Ya tambayi wa ya ba mai shara izinin leƙo masa tiyata da bokiti, ya ce ga kati, ga mai ciwon da bakinsa ya amsa. Mairamu ta ce ba ta iya karanta kati ba, amma ta ga hannunsa kwana uku. Sannan ta ƙara da abin da ya fi komai amfani a ranar, ta ce in mata suka fita, aka tsayar da shi ya yi tari, zai faɗi gaskiya.

Allah ya sa ba a riga an yi masa allura ba. Likita ya ce ita da Margret su fita. Su biyu suka tsaya a baranda ba mai kallon wani. Daga ciki suka ji tari sau biyu, suka ji likita ya yi salati a hankali.

Aka yi wa Gabdo aiki a hagu, ya tashi lafiya. Da aka tambaye shi daga baya me ya sa ya amsa, ya ce mutum mai karatu ya ce dama, shi wane ne da zai ƙaryata shi a ɗakinsa, kuma ta yaya zai buɗe baki ya yi zancen wannan wuri a gaban yarinya.

Da la'asar likita ya aika a kira Mairamu. Ta ninke rigar aikinta ta riƙo, don ta tabbata sallama ce. Sai ta tarar ya miƙe tsaye. Ya ce shekararsa goma sha biyar yana yanka mutane, yau mai tsintsiya ta tsare masa hannu daga abin da zai bi shi har kabari. Ya gode mata, ya ce Allah ne ya ajiye ta a ƙofar nan.

Wannan maganar ce ta hana ta sakewa. Kowa yana murna, Zira har yana kiranta ƙaramar likita, ita kuwa tana tunanin da a ce ɗakin mata ta fara gogewa da safen fa? Da a ce bokitinta ya ƙare ta tafi famfo? Ran mutum bai kamata ya dogara da inda tsintsiyarta ta faɗa ba. Ta gaya wa Ɗahiru haka bayan kwana biyu, yana zaune yana yanka yadin wani ango. Bai ɗago ba ya ce shi dai almakashinsa ba ya taɓa yadi sai ya ga alli, ko mai kayan ya rantse masa. Ta ce ai likita ya yi allinsa, ruwa ne ya wanke. Tana faɗa tana kallon hannunta. Lallen da ta sa tun bikin 'yar maƙwabta, mako uku ke nan, yana nan ja a tafinta, alhali kullum hannun yana cikin ruwan sabulu da maganin goge ƙasa.

Da ta kai wa Margret maganar a riƙa yin alamar da lalle, Margret ta yi dariya har sai da ta nemi kujera. Da ta gama dariya ta share hawaye ta ce su je wurin likita. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga ya ce a sa masa. Washegari ya dirje wurin da sabulu, ya bi da sifirit, ya bi da jan maganin da ake shafawa kafin yanka, ɗigon yana nan. Mako biyu yana yawo da shi, har matarsa ta aiko a tambaya wace ce take yi wa mijinta kwalliya a wurin aiki. Sai ya amince, da sharaɗin jan lalle zalla, ba a haɗa shi da baƙin rinin nan na kasuwa mai ƙona fata, kuma ba a sa wa jarirai.

Mairamu ita ma ta kafa nata sharaɗin, cewa ba ita za ta zaɓi wurin ba. Mai ciwo ya fi kowa sanin inda yake masa ciwo, bakinsa ne kawai yake jin nauyi, yatsansa ba ya jin nauyin kowa. Don haka ana gobe tiyata, bayan la'asar, sai ta kwaɓa lalle a 'yar ƙwarya, a ja labule, mai ciwo ya tsoma yatsa ya ɗiga da kansa. In namiji ne kuma wurin na sutura ne, Zira ke shiga da ƙwaryar, ita tana waje.

Mata ba su ba da wahala ba. Dattawan maza ne suka tayar da ƙura. Wani tsohon mahauci ya ce shekararsa saba'in bai taɓa sa lalle ba sai ranar angoncinsa, ba kuma zai zama amarya da furfura ba. Gabdo yana gadonsa har lokacin, ɗinkinsa bai gama warkewa ba. Mutumin nan da ba a jin muryarsa sai ga shi ya yunƙura ya ce a miƙo masa ƙwaryar. Ya ɗiga a bayan hannunsa na hagu, ya ɗaga wa ɗakin duka, ya ce shi nasa aikin ya wuce, wannan na godiya ne. Ya dubi mahaucin ya ce, "Kai da kake yanka, ka taɓa yanka sa ba ka duba ko naka ne ba?" Mahauci ya yi gunaguni ya karɓi ƙwarya. Tun daga ranar duk wanda aka sa wa lalle a ɗakin maza sunansa amarya har a sallame shi, masu jinya suna yi masa guɗa ƙasa-ƙasa in Zira ya zo ɗaukarsa. Mutane da yawa da dariya suka shiga ɗakin da suke tsoro.

Likita ya ƙara abu ɗaya, wanda Mairamu take cewa ya fi lallen kansa. Ya tara ma'aikata duka, har mai gadi da mai dafa abinci, ya ce daga yau duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba ya ce a dakata, kuma za a dakata. In ya yi daidai an gode masa, in ya yi kuskure ma an gode masa. Gado kuma ba ya tsallake ƙofar tiyata sai an ga lalle, an tambayi mai ciwo sunansa da garinsu, shi ya faɗa da bakinsa, ba a faɗa masa ya ce haka ne ba.

Farkon wanda ya gwada maganar Zira ne, kuma kuskure ya yi mai daɗi. An kawo wata matashiya daga Kwaja, ƙaya ta karye mata a tafin ƙafa ta yi ruwa. Ya kai ta ƙofa ya yaye zane, sai ya ga ƙafa biyu duk jajaye har idon sawu. Ya daka tsawa a dakata, ya ce wannan dai ko duka biyun za a yanke mata. Ashe watanta ɗaya da aure. Aka yi ta dariya, likita ya cika alkawari ya gode masa a gaban kowa. Mairamu kuwa ta ga gyara a ciki. Daga ranar, bayan mai ciwo ya ɗiga, sai a zagaye ɗigon da zobe, alamar da ba amaryar da take yin irinta, kuma a yi shi a inda fata ba ta da wani lalle.

Ta kawo reshen lalle daga gidan uwarta ta dasa a bayan ɗakin tiyata, inda ruwan wanke hannu yake gangarawa. Ya kama, ya yi ganye. Shekaru suka yi ta wucewa. Sau uku a cikinsu kati ya ce wani abu lalle ya ce wani, kuma duk ukun lalle ne ya yi gaskiya. Gabdo kuwa har ya bar duniya, kowace kaka sai ya aiko mata da man shanu a ɗan kwano, da saƙon a gaida likitarsa.

Duk da haka abin da ke ranta bai kwanta ba. Mutane suna cewa lallen Mairamu, sunan yana mata daɗi a kunne amma yana ba ta tsoro. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ita mako guda. Da ta dawo ta tarar an yi tiyata biyar ba lalle, wai ba wanda ya iya kwaɓi kamarta. Ba a yi ɓarna ba, amma ranar ba ta ci abincin rana ba. Ta ce wa Margret in abin nata ne, to ranar da ta mutu ya mutu, sun koma inda suka fito. Daga nan ta shiga koya wa duk wanda ya tsaya kusa da ita, ta sa Zira daka, ta sa Margret zana zobe, ko da yake hannun Margret bai taɓa yin zobe ya rufe daidai ba.

Sai shekarar gudu ta zo. Ranar wata Laraba da hantsi, a ƙarshen damina ta dubu biyu da goma sha huɗu, aka ji harbi ta ko'ina, garin Mubi ya watse. Waɗanda suke iya tafiya a cikin marasa lafiya suka tafi, waɗanda ba sa iyawa likita da Zira suka loda su a mota. Mairamu da Ɗahiru da jikoki uku suka bi ta duwatsu da ƙafa, kwana huɗu, kafin su sami motar da ta kai su Yola. Ba ta son yawan zancen waɗannan watanni. Takan ce dai Allah ya dawo da su, wasu bai dawo da su ba, Allah ya ji ƙansu.

Da suka dawo ta je ta ga asibitin. An ɓalle ƙofofi, an kwashe gadaje, katunan mutane na shekara ashirin sun zama toka a tsakar gida. Ta zagaya baya ba ta sa ran komai ba, sai ga lallen nan ya fi ta tsawo, ya yi fure, ƙamshi ya cika wurin. Ta zauna a gindinsa ta yi kukan da ba ta yi ba a hanya, sannan ta tashi ta nemi tsintsiya.

Asibiti ya sake buɗewa, amma da sababbin fuskoki. Dakta Abdulhamid ya tsufa ya zauna a Yola, wani ya karɓa. Margret ce babba yanzu, kanta ya yi fari. Zira ya dawo da ɗingishi da rahar tasa. Sauran nas-nas duk baƙi ne, sun zo da wata takarda mai layi-layi da ake cikewa kafin tiyata, da alƙalamin da aka ce ba ya wankuwa. Mairamu ta ji daɗin takardar da aka karanta mata, don tambayoyin da ke ciki irin nasu ne. Amma ta lura ranar da aiki ya yi yawa, akan cike ta tun mai ciwo bai iso ba. Tana ci gaba da kai ƙwaryarta, sababbin suna murmushi suna ba ta hanya, irin murmushin da ake yi wa tsohuwa da al'adarta. Ta ce a ranta, daga ita sai Zira da Margret, kuma dukansu sun kusa ajiye aiki.

Ana haka idonta na hagu ya fara hazo, har ya rufe da yana. Na daman ma ya soma, amma da shi take gani. A dubu biyu da goma sha bakwai aka ce wata likitar ido, Dakta Na'imatu, za ta zo daga Yola ta yi kwana ɗaya tana cire yana. Aka rubuta mutum ashirin da biyu daga Kwaja da Mugulbu da Betso da cikin gari, aka sa Mairamu ta uku.

Ana gobe, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya, ya ɗiga a saman girar wanda ba ya gani. Wata tsohuwa daga Mugulbu sau biyu tana goge nata da mayafi, sai da aka sake mata, a kanta ƙwarya ta ƙare. Mairamu ta duba ƙwarya, ta ce ita ai ba baƙuwa ba ce, wane ne a gidan nan bai san idonta ba. Ta wanke hannu ta je ta kwanta a ɗakin da ta yi shekara ashirin da shida tana sharewa.

Da safe aka yi na farko, aka yi na biyu. Zira ya zo da gado yana yi mata guɗa, ya tura ta har ƙofa, ya sunkuya ya dubi goshinta kamar yadda ya saba. Sai ta ji gadon ya tsaya.

"Adda, ina lallenki?"

Ta ce ya ƙare jiya, ya tura kawai, kada su ɓata wa baƙuwa lokaci, ga mutane suna jira. Zira ya ce shi bai ji ba. Ya taka birkin gadon ya ɗaga murya ya ce a dakata.

Dakta Na'imatu ta leƙo, hannuwanta a sama cikin safa, mace ce mai hanzari da ke son ta gama ta kama hanya kafin a rufe shingen sojoji. Ta ji bayani, ta ce ga kati ya ce hagu, ga takarda an cike. Ta sunkuyo da ladabi ta ce, "Mama, hagu ce ko?"

Mairamu tana kwance, fitila a kanta, ga babbar baƙuwa ta bar aikinta saboda ita. Kunya ta rufe ta. Ta ji bakinta ya ce, "Haka ne."

Tana faɗa ta gane muryar, ta Gabdo ce. Zira ya ce, "Na taɓa jin wani dattijo ya faɗi haka a ɗakin nan."

Margret ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce wa likita ta yi haƙuri, ta san tana sauri, kuma mai yiwuwa katin daidai ne, yawancin ranaku daidai yake, sai dai ba su san ranar da ba zai zama daidai ba, kuma idon daman matar nan shi ke nan abin da take gani da shi. Ta ce a gidan nan ko ita ce a kwance, gado ba ya wucewa. A ɗauki na huɗu, wannan a mai da ita ƙarshe. Likita ta dubi goshin na huɗun, ta ga ɗigo da zobe, ta dubi na biyar, ta ga haka, ta ce to, a kawo shi.

Mairamu tana shirin cewa babu garin lalle a asibitin, sai ta ji ƙarar turmi daga bayan ɗaki. Ta tambayi wa ke daka. Aka ce sababbin nas-nas ɗin nan ne guda biyu. Tun da suka ji Zira ya ce a dakata, ɗaya ta tafi tsinko ɗanyen ganye, ɗaya ta karɓo turmi da lemun tsami wurin mai abinci. Ba wanda ya aike su.

Aka zaunar da ita a baranda, aka miƙa mata ƙwarya. Ta rufe idon hagu, ta ga tsakar gida da mutane. Ta rufe na dama, ta ga hazo fari. Ta tsoma yatsa ta ɗiga a saman girar hagu, Margret ta zagaye. Tsofaffin da ke layi suka sa mata guɗa, tsohuwar Mugulbu ta ce yau dai an kama mai kama mutane. Ɗahiru da ke zaune can gefe da carbinsa ya ce shi bai san an sake ɗaura masa aure ba, da ya ɗinko sabuwar riga. Mairamu ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya. Nas-nas ɗin suka tsaya suna jiran ta ce wani abu game da kwaɓinsu. Ta murza shi a yatsa ta ce lemun ya yi yawa kaɗan, amma zai kama.

Ya kuwa kama. Da la'asar aka shigar da ita ta ƙarshe. A ƙofa aka tambaye ta sunanta, ta faɗa, aka tambaye ta garinsu, ta ce nan, aka tambaye ta wane ido, ta ɗora yatsa a kan lallen. Kati da lalle suka zo ɗaya. Dakta Na'imatu ta yi aikinta cikin nutsuwa, lokacin tafiya ya wuce mata, ta kwana a Mubi. Da safe da kanta ta cire wa Mairamu bandeji, kuma kafin ta shiga mota ta roƙi a yanko mata reshe biyu daga bayan ɗakin tiyata, aka naɗe mata a jiƙaƙƙen buhu.

Abin da Mairamu ta fara gani da sabon idon shi ne furfurar Zira, ta ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya mata. Da aka ba ta madubi ta dubi goshinta, ta kira Margret ta ce shekara da shekaru tana koya mata, wannan zobe ne ko dankali. Margret ta ce dankalin ne ya tsare mata ido, ta yi shiru ta gode.

An ce ta huta a gida mako biyu, kada ta sunkuya, kada ƙura ta taɓa ta. Ranar Litinin, ana gobe tiyata, ta kasa zama, tana ta duban inuwa tana cewa la'asar ta kusa. Ɗahiru ya fita sayen zare, ya dawo ya ajiye ledarsa, ya ce ya biyo ta hanyar mayo, ya ji ana daka a bayan asibiti. Ta tambaye shi wa ke dakan. Ya ce bai leƙa ba, hannun dai ba irin nata ba ne.

Mairamu ta ce to, madalla. Ta gyara matashi, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ce a tashe ta in an kira sallah.